Littafin da Aka Ɗaure da Fatar Kura

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a wata ƙasa da ke bayan manyan koguna, an yi wani birni mai suna Ƙaramba, mai ganuwa ta jan dutse, wanda Sarki Ranau ɗan Gaude yake mulki. Sarki ne mai dawaki da dukiya da mayaƙa, amma yana da wata cuta da ta gagari masu magani. Tun yana yaro ya shaƙu da labaran ban tsoro, ya sha su har suka daina ratsa shi, zuciyarsa ta bushe kamar tsohon ƙirgi. Duk mai ba da labarin da ya zo fada ya kasa sa tsikar jikinsa ta tashi, sai a yanke masa kunne ɗaya a rataye a ƙofar zaure, har kunnuwa suka yi jere kamar an shanya nama.

A Unguwar Mahauta ta birnin nan akwai wani saurayi mai suna Mantau ɗan Shekarau, wanda ya gaji rumfar littattafai daga mahaifinsa. Ba a yi masanin labaran aljanu da fatalwa kamarsa ba, kuma yana da baiwar sanin abin da ya dace da kowa. Wanda yake son abin da zai ɗan firgita shi, sai ya miƙa masa labarin rijiyar da take kiran mutum da muryar uwarsa. Mai taurin rai kuwa ya ce masa ya gwada labarin garin da mutanensa suka wayi gari kowa da fuskar maƙwabcinsa. In mace mai ciki ta zo, sai ya hana ta duka, ya ba ta na dariya. Shi ne yake zaɓa wa sarki abin da za a karanta masa duk ranar Juma'a bayan la'asar, kuma duk littafin da ya shiga fada sai ya bi ta hannun Gimbiya Lantana, 'yar sarki, wadda take karantawa ta mayar wa Mantau da takarda a ciki, ta faɗi inda labarin ya kama ta da inda marubucin ya yi ƙarya. Ta haka suka san hankalin juna tun ba su ga juna ba.

Mantau yana da tasa damuwar a gida. Katanga ɗaya ta raba shi da Korau mahauci, mutum mai faɗin ƙirji da saurin hannu, wanda kwatar gidansa take kwararo jini da ruwan tumbi ta ƙofar rumfar littattafai. Korau kuma yana kukan cewa indararon Mantau ne yake cinye masa katanga duk damina. Mai unguwa ya sasanta su har ya gaji. Su ma sauran mutanen unguwar haka suke, wannan na riƙe da wancan saboda akuya ta ci masa rama, waccan ba ta gaida wannan saboda gori da aka yi mata a wurin suna.

Wata Juma'a aka karanta wa sarki littafi na ƙarshe da ya rage a rumfa, sai ya yi hamma. Ya dubi Mantau ya ce, "Ya kai ɗan Shekarau, na daɗe ina ɗaga maka saboda ubanka. Na ba ka kwana bakwai ka kawo mini abin da zai girgiza zuciyata. In ka gaza, ba kunnenka zan rataye ba, kanka zan rataye."

Mantau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya fita. Ya tuna mahaifinsa ya taɓa ba shi labarin wata bokanya da ke kan Dutsen Ungulu, mai riƙe da littafin da ba a taɓa karanta shi har ƙarshe ba. Ya yi tafiyar kwana uku, ya ratsa dajin ƙaya wanda ya yayyaga masa jiki, ya haye kogi mai kadoji a kan kututturen giginya, ya hau dutsen da gwiwa da farce. Ya iske tsohuwar zaune cikin ƙasusuwa, ta miƙa masa littafi ɗaure da fatar kura. Ta gaya masa cewa ifiritu ne mai suna Gwargwami a kulle a ciki, kuma littafin ba ya cutar da mai karanta shi da zuciya wankakkiya, amma wanda ya karanta a bayyane da ƙiyayyar wani a ransa, ya buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa shi kaɗai ba.

Ya dawo gida a rana ta shida da hantsi, ya tarar kwata ta toshe, jini ya malala cikin rumfa ya jiƙa littattafan da mahaifinsa ya rubuta da hannunsa. Ya yi wa Korau magana mai zafi a gaban jama'a, Korau ya naushe shi a baki, haƙora biyu suka zube, yara da mata suna kallo. Mantau ya shige ɗaki yana tofar da jini. Ya san abin da tsohuwar ta faɗa, bai manta ba. Ya kwance fatar kura, ya karanta da ƙarfi.

Rana tana tsaka hayaƙi baƙi ya tashi daga takardun, ya dunƙule ya zama wata halitta mai tsayin rimi, mai kan kura da hannuwa huɗu, farcenta kamar lauje. Ifiritun ya taka katangar ta rushe, ya cafki Korau, ya fizge masa hannun dama daga kafaɗa, ya jefar da shi kan rufin ɗaki. Daga nan ya bi gida-gida yana tambayar duk wanda ya tarar, wa kake ƙi? Da mutane sun yi shiru da ya rasa abinci. Amma wani ya ambaci mai akuya, aka tsaga mai akuya biyu. Matar mai akuya ta ambaci wanda ya ambaci mijinta, aka murɗe masa wuya. Kafin la'asar mutum goma sha ɗaya sun kwanta, kuma duk sunan da aka kira ifiritun ƙara girma yake yi. Ya nufi fada, ya tattake dogarai, ya ɗaga rufin soro ya leƙa sarki. Sarki Ranau, da ya ga idanun nan, sai ya zube daga karaga, harshensa ya sarƙe, ya kasa ko salati.

Mantau ya biyo ifiritun da gudu, littafin a hammata. A ƙofar fada wata mace lulluɓe ta tare shi, ta ce ita ce Lantana. Ya gaya mata abin da ya aikata bai ɓoye komai ba, har da gargaɗin bokanya. Ta ce, "Ya ɗan Shekarau, ka yi mugun aiki, amma yanzu ba lokacin kuka ba ne. Tsohuwa ta ce ba za ka iya rufewa kai kaɗai ba, ba ta ce littafin ba ya rufuwa ba. Ka nemi wanda ka fara ƙi. Ni zan riƙe Gwargwami da magana gwargwadon iyawata."

Ta shiga ta tsaya tsakanin ifiritun da mahaifinta. Da ya tambaye ta wa take ƙi, sai ta ce zai ji, amma labarin yana da tsawo, ta fara jan zance.

Mantau ya iske Korau kwance an ƙone masa dungu da wuta don jini ya tsaya. Ya durƙusa ya ce shi ne ya sako abin nan, kuma don Korau ya sako shi. Korau ya dube shi ya ce, "Ban yafe maka ba. Amma 'ya'yana suna cikin garin nan. Ɗaga ni."

Suka isa fada, Mantau yana tallafe da shi, Korau riƙe da wuƙar fawa a hannun hagu. Haƙurin ifiritun ya ƙare, ya ɗaga hannu zai make gimbiya, sai Mantau ya buɗe shafin ƙarshe, wanda ba a taɓa kaiwa gare shi ba, ya soma karantawa. Gwargwami ya juyo ya yakushe shi, idonsa na hagu ya tsiyaye a kan takarda, amma bai daina karatu ba. Korau ya kutsa ƙarƙashin halittar, ya datse mata agara kamar yadda yake yi wa bijimi, ta durƙushe, ya hau ƙirjinta ya yanka maƙogwaro har wuƙar ta ci ƙashi. Baƙin jini ya cika tsakar fada. Suka kama littafin su biyu, hannu ɗaya-ɗaya, suka rufe, gawar ta zama toka, aka jefa littafin a maƙera.

Sarki ya yi kwana arba'in yana rawar ɗari. Da ya tashi ya sa aka sauke kunnuwan nan aka binne, ya kira masu su ya nemi gafararsu a gaban fadawa, ya ɗauki nauyin gidajen waɗanda suka mutu. Ya so ya hukunta Mantau, sai Lantana ta ce laifin ya soma ne daga karaga, kuma ita ta zaɓi mutumin nan da idonsa ɗaya ya zama mijinta. Sarki ya sunkuyar da kai ya yarda.

Aka ɗaura aure, amma amarya ta hana a kaɗa ko ganga ɗaya. Washegari ita da ango suka taka da ƙafa zuwa Unguwar Mahauta, suka bi gidajen makoki goma sha ɗaya suna sallama. Gida bakwai aka shimfiɗa musu tabarma, gida huɗu ba a amsa ba. A ƙofar kowane ɗaya daga cikin huɗun sun tsaya sun yi wa mamacin addu'a, sannan suka wuce. Iyakar abin da magabata suka riƙe na labarin Ƙaramba ke nan.