Ranar da Kubura Ta Kira Sunan Ɗan Farinta

An ruwaito daga littattafan magabata cewa a zamanin Sarki Jatau an yi wata matar falke, ana ce mata Kubura. Ɗanta ɗaya, Sagiru, mai shekara huɗu. Da yake ɗan fari ne, kunya ba ta taɓa barinta ta ambaci sunansa ba.

Ran nan da azahar, ranar tashin ayari, ta nemi yaro ta rasa, ga mijinta ya yi nisa da fatauci. Ta leƙa rijiya, ba ya ciki. Ta bi gida-gida tana cewa, "Ba ku ga yaron nan ba?"

A tambaye ta, "Wane yaro?"

Sai ta sunkuyar da kai.

La'asar ta kawo jiki, fatake sun fara ɗaura kaya. Ta ruga fada, ta faɗi gaban Sarki, ta ce yaron gidanta ya ɓace.

Sarki ya ce, "Baiwar Allah, yaya sunansa?"

Bakinta ya ƙi buɗuwa.

Waziri Barmo ya gyara zama ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a ba ni izini. An yi wani yaro a wani gari, ɓarawo ya cusa shi cikin mangalar jaki, ya ce in ya motsa zai yanka shi. Yana ciki ya ji wata mace ta wuce tana cewa, 'Ba ku ga yaron nan ba?' Bai tabbata da shi ake ba, tsoro ya hana shi tankawa. Ayari ya tashi." Ya dubi Kubura. "Ni ne yaron nan, 'yata. Shekara sittin ke nan, ban san kabarin uwata ba."

Kubura ta miƙe zumbur. "Sagiru! Sunansa Sagiru! Taguwar saƙi ce jikinsa, da tabon ƙuna a hannun hagu!"

Nan take Sarki ya sa aka rufe ƙofofin gari, sankira ya fita shela. Kubura ta kutsa cikin jakunan fatake tana ƙwala kira har muryarta ta dushe. Dab da ƙofar yamma, wata mangala ta motsa.

"Inna!"

Mai jakin ya zura da gudu, dogarai suka cafke shi. Kubura ta kwance mangalar, ta rungume ɗanta.

Sarki ya yafa wa Waziri alkyabba, ya yi doka: wanda duk ɗansa ya ɓace, ya sanar da hukuma tun rana na sama, ya faɗi suna da kama.

Kunya ado ce, masu hikima suka ce, amma ba ranar ɓatan ɗa ba. Allah ya tsare mana zuri'a.