Katangar Alhaji Maikano

A garin Funtuwa, attajiri Alhaji Maikano ya ba magini Jatau kwangilar gida, zane da gini duk a wuyansa. Kafin su sa hannu Alhaji ya kafa sharaɗi.

"Ina son katangar da ba mai leƙa mini gida, amma duk mai wucewa ya ga arzikin da ke cikinsa. In ka kasa, ka rushe ka sake daga tushe."

Jatau ya yi kwana uku yana juya maganar a ransa. Sannan ya tayar da katanga doguwa, ya yi faffaɗan dakali a ƙofar gida.

Ranar karɓar gida Alhaji ya zo da abokansa, ya duba, ya ɗaure fuska.

"Jatau, katanga ta rufe komai. Ina arzikin da za a gani?"

"Ranka ya daɗe, hau dakalin nan ka zauna."

Alhaji ya zauna.

"To, ga shi kowa yana gani. Ko akwai abin da ya fi ka daraja a cikin gidan? In akwai, faɗa a gaban jama'a in fito da shi."

Alhaji ya dubi abokansa suna danne dariya. Ya gyara babbar riga ya ce, "A yi rumfa a nan, rana tana dukan arzikin."