Ƙofar Bayan Tabarma

An yi wani sarki a birnin Rafin Kuka, ana ce masa Salmanu, mutum mai kyakkyawar niyya, sai dai Allah ya zuba masa gaggawa. Unguwar Masaƙa ta daɗe tana damunsa, domin lungunanta a murɗe suke, ruwa yakan kwanta da damina, jaki da kaya ba ya iya ratsawa. Ya tara magidanta ya yi shawara da su, suka amince, aka rushe rabin unguwar, aka fitar da tituna miƙaƙƙu, aka haƙa magudanai, aka dasa itatuwa, kowane gida aka kewaye shi da doguwar katanga.

To, ga abin al'ajabi. Mutane suka tare, amma zama ya ƙi daɗi. Sana'ar mata ta mutu, tuwo sai ya yi latti, wasu har sun fara kwashe iyalinsu. Sarki ya ruɗe, ya kira Waziri Ɗalhatu ya ce, "Na ba su abin da suka roƙa da bakinsu, ga shi suna gudu. Ka gano mini illar kafin a rushe sauran rabin, in ba haka ba ka ajiye rawani."

Waziri ya bi zaure zaure yana tambaya. Wannan ya ce rana ce ta yi yawa, wancan ya ce ruwan rijiya ne ya sauya, liman ya ce ƙarancin sadaka ne, wani ya rantse aljanu aka tasa. Kuma dukkansu sun yarda gidajen sun fi na da. Waziri, bawan Allah, duk hikimarsa, kansa ya kulle, abinci ma ya gagare shi.

Cikin wannan damuwa ya je gaida Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifinsa, a tsohon rabin. Yana cikin kai mata kuka sai wata tabarma da ke rataye a bango ta ɗaga, ashe ƙofa ce a bayanta, wata mata ta shigo da kasko, ta ɗebi wuta ta koma. Can kuma ga wata da goyo, ta gaishe su, ta ɓace ta ɗaya bangon. Waziri ya saki baki. Gwaggo ta yi masa dariya, ta ce ai ta nan ya koyi tafiya. Ƙofofin nan sun haɗa gida da gida har ƙarshen unguwa, ta nan ungozoma ke bi, ta nan ake barka da ta'aziyya da ciniki, ba tare da mace ta taka titi ba. Shi kuwa tun da ya balaga aka tsayar da shi a zauren mutane, ya manta sarai.

Ya koma fada ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, hanyoyin unguwar nan iri biyu ne. Mun faɗaɗa na maza, mun toshe na mata, domin ba mu tambayi masu bin su ba."

Kunya ta kama Sarki. Ya yi umarni a huda katangu, ya aiki jakadiya ta ji ta bakin mata kafin a taɓa sauran rabin. Ya yafa wa Waziri alkyabba, sannan ya ce a shaida wa duk mai mulki bayansa cewa adalcin da ya tsaya a zaure, rabin talakawa kaɗai ya sani.