Jan Rubutun da Injiniya Ya Kashe

Akwai wata malamar kwamfuta da aka fara zalunta ranar Litinin ta biyu a zango na uku. A ranar ne ƙanin matar hedimasta, wanda kowa ke kira Injiniya, ya shigo ɗakin kwamfutar makarantar da jaka a kafaɗa.

Manhajar duba jarrabawa ya kawo. Ɗalibi ya rubuta amsa, ita kuma ta gwada da tsarin amsar da aka ba ta, ta sa maki. A sabuwar laftof ɗinsa ya rubuta ta. Kwamfutocin makarantar kuwa sun girmi wasu ɗaliban, in an kunna su sai ka ce injin markaɗe.

Da ya zo harhaɗa manhajar a kansu, sai jan rubutu ya fito. Gargaɗi ne cewa kundin da ke tantance tsarin rubutu a cikinsu tsoho ne, bai san sabbin ƙa'idojin da Injiniya ya yi amfani da su ba. Malama tana tsaye bayansa, ta tambaya ko wannan jan ba matsala ba ne.

"Malama, ke dai ci gaba da share musu ƙura," ya ce. "Tsoho ai ba ya rasa tari."

Ya kashe gargaɗin ya tafi. Ko amsa ɗaya bai gwada ba.

Aka yi jarrabawa. Aji guda, har da masu zuwa na ɗaya, kowa ya tashi da sifili. Iyaye suka cika ƙofa.

Injiniya ya buɗe laftof ɗinsa a ofis, ya rubuta amsa, maki ya fito daidai. Ya ce ai malama ce ta cusa wa kwamfutocin makarantar filas mai ɗauke da cutar kwamfuta. Ta roƙi a gwada a kwamfutar makaranta, aka ce ta cika gardama. Washegari hedimasta ya kira ta gaban asambuli, ya karɓe makullan ɗakin a idon yaran da take koyarwa, ya dakatar da ita.

Ta tafi gida.

Injiniya ya goge duk abin da ke cikin kwamfutocin da hannunsa, ya sake ɗora manhajar, aka kira taron iyaye don ya nuna an gyara. Sai wayar tsohon majigin makarantar ta ƙi shiga sabuwar laftof. Dole ya zauna gaban tsohuwar kwamfutar da ya raina.

Ya rubuta amsa daidai. Sifili. Ya sake. Sifili.

Wani uba daga baya ya ce, "Injiniya, ko daga gida malamar take turo cutar?"

Gumi ya wanke shi.

To ga abin da ya ƙona min rai. Masinja hedimasta ya tura wa malamar, wai ta dawo aiki shiru, kada a tayar da magana. Na tsufa da alli a hannu, ban taɓa dukan yaro a fili in lallashe shi a ɓoye ba. Mutuncin da aka zubar gaban ɗalibai ba a kwashe shi a bayan ofis.

Darasi: Wanda ya toshe bakin gargaɗi, kunya ce za ta yi masa magana da ƙarfi. Ku tura wannan har ya isa wayar hedimasta da ƙanin matarsa. Su tsaya gaban asambulin nan, su miƙa mata makullanta, su ce, "Malama, mun zalunce ki, ki yafe mana."