Katin da Ba a Auna Ba

An yi wani mutum a kasuwar kwamfuta ta birnin Lahore, gwani ne ƙwarai, kowa Ustad yake ce masa. Al'adar masu wannan sana'a, ya 'yan uwa, kafin a sa wa mutum sabon katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa hoto a kwamfuta, sai an buɗe akwatin kwamfutarsa an auna gurbin da tef, an duba ko wutarta za ta ɗauke shi. Shi kuwa ya ce idonsa ya fi tef.

Wata rana Sarfaraz, mai tace bidiyon biki, ya kawo masa kwamfutarsa don a sa mata sabon kati. A faifan ajiya na cikinta akwai bidiyon bikin wata amarya da mahaifinta ya rasu kwana shida bayan walima. Ba sauran muryarsa a ko'ina sai nan.

Sarfaraz ya ce, "Ustad, ka auna kuwa?"

"Haba ɗan'uwa, tela ka ɗauke ni? Sha shayinka. Wallahi na auna."

Bai auna ba. Da Sarfaraz ya tafi masallaci, kati ya ƙi shiga. Ya fi gurbin da yatsa biyu. Maimakon ya faɗi gaskiya, sai ya sa zarto ya yanke ƙarfen da ke riƙe da faifan, ya cusa katin, ya danne wayoyi, ya rufe. A kwana na uku da Sarfaraz ya tafi da kwamfutar, wata waya ta narke, faifan ya ƙone.

Sarfaraz bai yi faɗa ba. Ya dawo da akwatin, ya ajiye a kan kantar shagon, ya ce, "Amaryar nan kullum sai ta kira ni. Me zan ce mata, Ustad?" Ya fita abinsa.

Tun daga ranar Ustad ya koma riƙe tef. Sai ya auna sau uku, ya ga gurbi ya isa, amma kati ya cije, saura yatsa biyu. Maƙwabcinsa Dilawar yakan karɓa ya zura shi salin alin, yana dariya: "Ustad, ko tabarau za mu saya maka?"

Dariyar ta ɗauke ran da su biyun suka ji fanka tana juyawa cikin ƙonannen akwatin nan, da rana tsaka, ba a jona shi da wuta ba. Ƙarƙashin ƙarar kuma, kamar muryar tsoho yana sa albarka.

Masu kawo aiki suka watse, shago ya rufe. Har yau Ustad yana zaune a matakalar kasuwar, yana auna tafin hannunsa, yana sake aunawa.

Ya 'yan uwa, minti nawa awon nan zai ci masa? Wa ya matsa masa sai ya rantse? Duk wanda aka miƙa wa kayan wani, amana aka miƙa masa, kuma bai san abin da ke cikinta ba. In ba ka duba ba, ka ce ba ka duba ba.

Allah ya kiyaye mu da rantsuwa a kan abin da idonmu bai gani ba. Amin.