Ƙarafan Da Royce Ya Jefar A Bola

Akwai wani mutum mai suna Royce a wani ƙaramin gari na jihar Tennessee a Amurka. Shekarunsa hamsin da biyu. Hannunsa ya iya riƙe sifana, amma kunnensa bai iya riƙe magana ba.

Mahaifinsa, tsoho Harlan, yana da wata jar mota ƙirar 1969 mai silinda takwas, irin masu faɗin ƙirjin nan. Sabuwa fil ya saye ta da ya dawo daga aikin soja. A cikinta ya ɗauko amaryarsa Odessa daga coci, a cikinta aka kawo Royce gida yana jariri. Alfaharin Harlan ɗaya ne, kuma duk garin sun haddace shi: "Motar nan ba a taɓa ɗaura mata igiya aka ja ta ba."

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Motar ta yi shekara tara a rumfa tana shan ƙura. Magana ma ta yi wa tsohon nauyi, sai kalma ɗaiɗai.

A wannan shekarar aka zaɓe shi cikin tsofaffin sojojin da za a karrama a faretin huɗu ga Yuli, ranar bikin 'yancin kan ƙasar. Idan motarsa ta iso gaban dandamalin da ke ƙofar kotu, za a kira sunansa a lasifika, jama'a su miƙe tsaye. Likita kuwa ya riga ya ja Odessa gefe ya ce mata kada su sa rai da wani Yulin.

Royce ya durƙusa gaban keken guragun da mahaifinsa ke zaune a kai ya ce, "Baba, a cikin motarka za ka shiga faretin nan, da ƙafarta. Na yi maka alkawari."

Gaskiya ya yi aiki. Wata uku yana kwance injin yana wankewa yana ɗaurawa. Matsalar ta zo ne a kan ƙarfe biyu.

Kowane gefen injin akwai wani ƙarfen zubi mai nauyi da ake kira manifol. Shi ke kwashe hayaƙi mai zafi daga inji ya miƙa wa salansa. Na asalin motar baƙaƙe ne, munana, sun yi tsatsa kamar gindin tsohuwar tukunya. Royce ya cire su, ya sayo waɗansu siraran bututai masu ƙyalli, a murɗe, irin waɗanda 'yan tsere ke sawa suna kira heda.

Ran nan da hantsi sai ga Clovis, tsohon bakanike, abokin Harlan tun suna yawo ba takalmi. Ya leƙa cikin bonet da kofin kofi a hannu.

"Kai Royce, wannan taliyar fa? Wace miya za ka zuba mata?"

"Kawu Clovis ke nan. Wannan da kake gani ƙarin ƙarfin doki ashirin ne ga injin."

"Doki ashirin ɗin su kai ka ina? Fareti fa za ka, ɗana. Bayan 'yan badujala da motar kashe gobara. Tafiyar kunkuru, awa guda cur, rana tana bisa ka."

Ya ajiye kofin, ya zura hannu can ƙasa. "Zo ka gani. Tsakanin bututun nan da kik mai tayar da inji, yatsuna biyu ba su shiga. Ga layin fetur ya kusa jingina da shi. Ƙarfen zubi yana haɗiye zafinsa kamar mai haƙuri. Wannan siririn kuwa maƙwabta yake watsa wa. In kana gudu, iska ta kwashe. In kana rarrafe, sai ya tafasa maka fetur ya gasa maka kik."

"A bidiyon da na kalla ba su faɗi haka ba."

"Ai mai bidiyon ba shi zai ɗauki ubanka ba. Ban ce abin banza ba ne, na sa wa motocin tsere da hannuna. Amma kowace ƙafa da takalminta. In ka nace, to naɗe su da ƙyallen tare zafi, ka kawar da layin man."

Royce ya tuntsire da dariya. "In rufe wannan ƙyallin da tsumma? Haba Kawu! Zamaninku ya wuce. Ku da kuka saba gyara mota da guduma da addu'a."

Clovis ya ɗauki kofinsa. "To. Gudumar tana nan, addu'ar ma tana nan. Ka gaishe min da Harlan."

Da rana Royce ya kwashi manifol ɗin nan biyu ya jefa kan tarin ƙarafan da ke jiran masu sayen bola. Bai kai ga juyawa ba sai ga mahaifiyarsa da baro.

"Mama, me za ki yi da wannan shara?"

"Abin da ya yi shekara hamsin yana aiki bai taɓa ƙorafi ba, ba ya zama shara a gidana. Ubanka ma ya tsufa, ya yi tsatsa. Shi ma ka ɗora shi a kan bolar mana. Ɗaga min, kada ka tsaya kana kallona."

Ta sa ya ɗora su a kan kwanon akurkin kaji, don da ma iska na ɗaga shi.

Ranar da aka tayar da injin, ƙarar ta girgiza tagogin gidan, karnukan unguwa suka ɗauki haushi. Royce ya turo mahaifinsa har bakin rumfa yana washe baki. Tsohon ya saurara, ya ɗaure fuska, ya ce da ƙyar, "Ba muryarta ba ce."

Royce ya ji sarai, amma ya yi kamar ƙarar ta hana shi ji.

Ya gwada motar kuwa. Sau uku yana fita babban titi yana take ta, tana tashi kamar an harba kibiya. Ko sau ɗaya bai gwada ta a hankali ba. Ina mai doki ashirin zai tsaya yin rarrafe?

Ranar fareti gari ya cika maƙil. Tutoci ko'ina, ƙamshin gasasshiyar masara, mata da tulunan shayi mai ƙanƙara. Aka sa wa Harlan hularsa ta soja, aka zaunar da shi a gaba, Odessa a baya da mafici. Royce yana taka mai a banza don a ji rugugi, samari suna ihu, shi kuma kansa yana ƙara kumbura.

Minti arba'in suna rarrafe. Zafi ya fara hudowa ta ƙarƙashin ƙafafunsu. Odessa ta ce, "Royce, ina jin ƙaurin wani abu."

"Sabon fenti ne, Mama."

Ana saura kamar taku ɗari su isa dandamali, motar ta yi tari sau biyu, ta mutu.

Ya murɗa makulli. Ƙyas. Ya sake. Ƙyas. Ya fito ya ɗaga bonet, wani huci ya doke shi a fuska. Fetur ya tafasa a layi, kik ya gasu, komai kamar yadda aka faɗa masa, har da jeri.

Motocin baya suka fara kewaye su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya leƙo ta taga ya ce, "Royce, ina dawakin? Sun tafi shan ruwa ne?"

Can sai lasifika ta kira sunan Harlan. Jama'a suka miƙe suna tafi, suna waige-waige, titi fayau ba kowa. Mai sanarwa ya sake kira, ya ɗan jira, ya wuce zuwa suna na gaba. Harlan yana zaune yana jin komai, hannunsa mai lafiya a kan hularsa.

Sai ga wata tsohuwar a-kori-kura ta yi ribas ta tsaya a gabansu. Clovis ya sauko da igiya. Bai ce "ai na faɗa maka" ba. Ya dubi abokinsa kawai ya ce, "Harlan, yi haƙuri. Ba zan bar ka ka gasu a nan ba."

Haka aka ja jar motar nan da igiya ta gaban dandamali, a ƙurar fareti, mutane sun fara naɗe kujeru. Harlan ya kalli igiyar, ya juyo ya kalli ɗansa. Kalma biyu ya iya fitarwa: "Shekara hamsin."

Da ma zaginsa ya yi, da ya fi wa Royce sauƙi.

Washegari da sassafe Odessa ta fito ba kaji hatsi, ta tarar da shi tsaye gaban akurki yana sosa ƙeya.

"Mama, ƙarafan nan nake so."

"Wace sharar?"

"Mama, don Allah."

"Ka fara nemo min abin da zai danne min kwano. Sannan ka je gidan Clovis da ƙafarka, ba ta waya ba. Kuma ka cire hula kafin ka buɗe baki."

Ya je. Ya cire hular. Clovis ya bar shi ya gama ba da haƙurin tsaf, sannan ya ce, "To ɗauko min gudumar, kai kuma ka riƙe addu'ar."

Kwana uku suka yi. Suka kankare tsatsa, suka mayar da manifol biyu mazauninsu, suka canza kik. Clovis ya sa aka bar motar tana aiki a tsaye cikin rana awa guda da rabi, ya kashe, ya ce a tayar. Murɗa ɗaya ta ɗauka, da wani gurnani mai sanyi can ƙasa-ƙasa.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Royce ya sa wa mahaifinsa hular soja da hannunsa. Suka shiga titin nan daga inda fareti ya fara, yana tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ba badujala, ba tutoci, sai 'yan cocin da suka ji labari suka biyo a ƙafa.

A ƙofar kotu, inda aka riga aka kwashe dandamali, Odessa ta ce a tsaya. Ta fito ta hau matakala, ta gyara jakarta a hannu, ta ɗaga murya ta kira cikakken sunan mijinta da muƙaminsa na soja. Clovis ya ƙame ya sara masa. Mutum goma sha wani abu suka yi tafi.

Harlan ya ɗora tafin hannunsa a kan gaban motar yana jin motsin injin. Ya lumshe ido ya ce, "Ita ce."

Bai ga wani Yulin ba. Siraran bututan nan kuwa suna kan akurkin Odessa har yau, sai dai ta ce ko kwanon ba su iya dannewa, sai da ta ƙara da bulo.

Darasi: Kafin ka zaɓi abu, tambayi kanka aikin da za ka sa shi, ba ƙyallinsa ko ƙararsa ba. Kuma in wanda ya riga ka ƙona yatsa ya ce wurin nan da zafi, janye hannunka, don wata damar in ta wuce ba ta dawowa, kuma sau da yawa ba kai kaɗai za ka ɗanɗana kuɗar girman kanka ba. Ku tura wa duk wani mai taurin kunne da kuka sani, tun kafin a ɗaura masa igiya.