Kurmin Jatau Mai Amya

An yi wani Sarki a Tudun Marke, Allah ya yi shi da son burge baƙi. Da aka ce manyan baƙi na tafe, sai ya ce a cinna wa kurmin bayan gari wuta, namun daji su fito a yi farauta.

To, akwai wani tsohon cilakowa da matarsa ke kwanci cikin kogon itace a kurmin. Ta liƙe ƙofa da laka yadda suka gada, sai 'yar kafar da yake miƙa mata abinci. In wuta ta tashi, ba ta da mafita. Ya taso ya dira gaban Sarki, ya ce, "Ranka ya daɗe, kurmi ba ya gudu. Ka ji labarin Jatau tukuna."

Sarki ya ce, "Kai mai dogon baki, wane ne kuma Jatau?"

Cilakowa ya ce, "Wanda zumarsa ke cikin furarka kullum. Jatau Mai Amya mutumin ƙauye ne, ɗaki bai taɓa riƙe shi ba. Da ya idar da sallar asuba sai kurmi, autansa a wuya, sauran yara na biye. Matarsa Kande takan ce, 'Malam, kai dai a kan reshe aka yanke maka cibiya!' Ya yi ta dariya.

"Wata shekara babbar amyarsa ta cika maƙil. Ya hau da hayaƙi, sai ya ji kukan 'ya'yan tsuntsu a kogon itacen. Ya sauko, ya tattake wutar. 'Yarsa Tabawa ta ɓata rai, ta ce, 'Haba Baba, zumar fa? Inna na jira!'

"Ya ce, 'Zauna ki ji abin da ya sami Barmo. Barmo ya ga zuma a kan tsamiya, ƙyuyar hawa ta kama shi, sai ya cinna wa gindin wuta. Tsamiya ta faɗi, zuma ta narke cikin toka, da ƙyar ya sami ta lasar yatsa. Da shekara ta zagayo ya dawo cikin zafin rana, ba zuma, ba inuwa. Kowa ya ƙona rumbunsa, Tabawa, ya san inda toka ke tsada.'

"Ranka ya daɗe, ni ne ɗaya daga 'ya'yan tsuntsun nan. Bara Jatau ya rasu, wallahi har yau ina kewarsa. Amma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Je ka ga kurmin: ko'ina amyoyin 'ya'yansa ne, jikoki na ci, fada na sha. Iyalina ma suna cikin wannan kogon yanzu haka. In Sarki na son lasar yatsa irin ta Barmo, ga wuta can."

Sarki ya ce, "Allah ya jiƙan Jatau. Na sha zumarsa ban san sunansa ba. A kashe wutar nan! Daga yau wurin Kurmin Jatau ne, wanda ya kai masa wuta ya taɓa ni. A kira Tabawa, zumar gidansu za a ba baƙina."

Gari ya ɗauki guɗa. Sarki ya dubi tsuntsu, ya ce, "Kai kuma, me za a ba ka?"

Cilakowa ya karkaɗe fiffike, ya ce, "A sallame ni kawai, ranka ya daɗe. Uwargida tun safe ba ta karya ba."